Motata tana karkarwa idan na taka totur, giya ce ta lalace?

Tambaya daga wani malamin makaranta a Samaru: "Assalamu alaikum. Ina da Honda Accord ta 2004, wadda ake kira EOD, mai giyar otomatik. Kwanan nan idan na taka totur tsakanin 60 da 90, musamman wajen hawan gadar Kwangila, sai gaban motar ya kama karkarwa, da na ɗaga ƙafa sai ta lafa. Ga kuma wani gunji daga gaba da yake ƙaruwa da gudu. An yi balansin sau biyu, an yi alaimen, an canza fulogogi, duk ba ta sauya zani ba. Yanzu bakanikena ya ce giya ce, in nemi kuɗin wata. In saya?"

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka saya tukuna, kada ma ka je tambayar farashi. A cikin duk abin da ka lissafa babu wanda ya kama giya da laifi, kuma ita ce mafi tsada cikin waɗanda ake tuhuma, don haka ita ya kamata a zo wa a ƙarshe. Bayaninka ya fi nuna cewa ciwo biyu ne suka haɗe maka: karkarwar daga kan ciki na shaf take fitowa, wato sandar ƙarfen da ke kai juyin giya zuwa ƙafa, gunjin kuma daga boris ɗin ƙafa ko daga taya. Sai dai ban so ka ɗauki maganata ka je ka sayi shaf kamar yadda ka kusa ɗaukar tasa ka sayi giya. Akwai gwaje-gwajen da za ka yi da kanka ba ko sisi, su ne za su raba gardama.

Duk abin da yake girgiza mota, wani abu ne mai juyawa. Aikin mai bincike shi ne ya gano karkarwar me take bi: gudun ƙafafu, ko juyin inji, ko kuwa nauyin da aka ɗora wa ƙarfe lokacin da inji yake jan mota. Tayar irin motarka, mai lamba 205/65R15 ko 205/60R16, kewayenta mita 2 ne da 'yan kai. A gudun kilomita 100 a awa tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya, shaf ɗin da ke juya ta ma haka. Inji kuwa a wannan gudun yana yin wajen juyi 2,000 a minti, wato sama da sau 30 a daƙiƙa. Shi ya sa karkarwar ƙafa take zuwa da kauri, jiki yana jin tashinta da saukarta, ta inji kuma take zuwa siririya, sai ka ji ta a tafin hannu ko ka ga madubi yana dishi-dishi. Kafin mu wuce, ka duba malejinka. Yawancin EOD daga Amurka aka shigo da su, manyan lambobinsu na mil ne, na kilomita su ne ƙananan da ke ciki. Mil 60 kusan kilomita 97 ne, kuma na sha ganin direba da bakanike suna maganar "sittin" alhali kowa da sittin ɗinsa. Ni da kilomita zan yi magana.

Gwaji na farko ka riga ka yi shi ba ka sani ba. Ka ce da ka ɗaga ƙafa sai ta lafa. A daidai wannan lokacin gudun motar bai ragu ba, tayoyi suna juyawa kamar yadda suke yi daƙiƙa ɗaya da ta wuce. Tayar da ba ta da balansin ba ruwanta da ko ƙafarka tana kan totur ko ba ta kai. In ta kai gudunta, wajen 80 zuwa 110, za ta kaɗa sitiyari ko kana takawa ko kana gangara. Saboda haka tun ranar farko bai kamata a tura ka wajen balansin ba, balle a maimaita. Alaimen kuma gyaran tsayuwar ƙafafu ne, maganin jan gefe da cin taya, ba ya maganin karkarwa. Abin da ya canza lokacin da ka ɗaga ƙafa shi ne nauyin ja. Wannan ya bar mana huɗu: kan shaf na ciki, kujerun inji, injin da ke tsallake wuta, da kulochin da ke cikin tok-kwanbata, wato abin da ke haɗa inji da giyar otomatik.

Ka fita da sassafe kafin hanya ta cika, ka sami miƙaƙƙen wuri mai kwalta mai kyau. Ka kai motar gudun da take karkarwa, ka riƙe shi, sannan ka jawo giya daga D zuwa D3, wanda ke hana ta wuce giya ta uku. Allurar inji za ta haura, gudun mota yana nan. Ka sake takawa. In karkarwar ta tsaya a inda take, da irin kaurinta, to ba inji take bi ba, ƙafa take bi, kuma abin da ke juyawa da gudun ƙafa yana kuma ɗaukar nauyin ja shi ne shaf. In ta ɓace ko ta sauya kama, sai mu waiwayi inji da giya.

Da ka dawo gida, ka sa giya a P ka ɗaga totur a hankali daga silo har wajen 3,000. Injin lafiyayye zai hau sumul. Sannan ka ja birkin hannu, ka danne birkin ƙafa da ƙarfi, a buɗe bonet, wani ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. Ka sa D ka ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu, ka sa R ka yi haka. Inji zai ɗan jingina, wannan ba komai. In ya yi tsalle ko aka ji ƙwal, kujerar inji ta mutu. Ta gaban EOD akwai ruwa a cikinta, in ta fashe za ka ga baƙin zirin da ya zubo ya bushe a jikinta.

Yanzu ga shaf ɗin. Kowace ƙafar gaba tana da nata, kuma kowane yana da kai biyu. Na waje, wanda ke jikin ƙafa, ƙwallayen ƙarfe ne a cikin keji, shi yake lanƙwasa idan ka karya kwana. In ya ci, sai ka ji ƙas-ƙas-ƙas idan ka murɗe sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali. Wannan kowane yaron gareji ya san shi. Na ciki, wanda ya shiga jikin giya, gininsa daban ne: kofi ne mai kwari uku, a cikinsa akwai ƙarfe mai ƙafa uku, kowace ƙafa da 'yar taya a kanta. Aikinsa ya riƙa zamewa ciki da waje yayin da ƙafar mota take hawa da sauka, don kada shaf ya tokare ko ya fizge. Da yake yawancin tafiya mota tana zaune a tsayi ɗaya ne, 'yan tayoyin nan wuri guda suke ta gurza a cikin kwarin. In giris ya ƙare ko ƙasa ta shiga, sai su haƙa ɗan rami a wurin. Ka taka totur, ƙarfin inji ya matse su a bangon kwarin, su faɗa ramin su fito, sau uku a kowane juyi, kowace fitowa kuma tana tura inji da giya gefe. Ka ɗaga ƙafa, matsin ya sauka, su koma ɗaya bangon da bai ci ba, mota ta yi shiru. Hawan gada yana ƙara nauyin ja, shi ya sa ka fi ji a Kwangila, kuma za ka fi ji in ka cika mota da mutane.

Alamarsa ita ce karkarwar hagu da dama take yi, kuma ba a sitiyari kaɗai take ba: daben mota, kujera, har gwiwoyin wanda ke zaune a gefenka za ka ga suna kaɗawa. Kuma ba ya kuka. Nan ne ake ɓata. Bakanike zai shiga fili ya murɗe sitiyari ya zaga, bai ji ƙas-ƙas ba, sai ya fito ya ce "Malam, shaf ɗinka lafiya lau." Kan waje ya gwada, na ciki ko taɓa shi bai yi ba.

Ka sa a hau da motar kan rami, kai ma ka shiga da tocila. Ka haska inda shaf ya shiga giya. In robar da ta rufe kan ta tsage, ko abin ɗaurinta ya saki, za ka ga zanen baƙin giris a jikin giya da ƙarfen ƙasa, a miƙe daidai saitin robar, ƙura ta manne a kai. Ka kama shaf kusa da kofin ka ɗaga sama ka ja ƙasa. Motsin ciki da waje nasa ne, amma bai kamata ya yi ƙwas sama da ƙasa ba. In ido da hannu ba su gamsar ba, a cire shi a zare robar, a wanke kofin da kananzir, ka zura yatsa ka bi kwarin nan uku. Lafiyayye santsi ne daga baki har ƙasa. Wanda ya ci, yatsanka zai faɗa ɗan gurbi mai sheƙi a tsakiya, ko farcenka ya kama wani tudu. Sau da yawa robar ba ta ma tsage ba, giris ɗin ne ya tsufa ya tsinke ya zama ruwa. A duba ɓangarorin biyu, kada a tsaya a na farko. In shaf ɗin dama yana da guntun sanda mai boris da aka ɗaure a jikin inji, a juya boris ɗin da hannu a ji.

Wata tambaya da zan yi maka da kana gabana: an ɗaga motar? Mutanenmu da yawa suna sa a cusa roba ko ƙarfe a saman shokazoba don kada ƙasan mota ya riƙa gogar tudun kan hanya da ramukan cikin unguwa. Na fahimci dalili, EOD mota ce mai ƙasa-ƙasa. Amma ɗagawar tana ƙara karkatar shaf, ta kuma matsar da 'yan tayoyin nan daga inda suka saba zama, sai karkarwar da ba a taɓa ji ba ta fito a mako na farko. Kujerar injin da ta zauna ita ma haka take yi, ta ƙasa. In aka sa sabon shaf aka bar matacciyar kujera, ba zai daɗe ba.

Wajen saye, ra'ayina shi ne asalin shaf ɗan Beljiyam mai kyau ya fi sabo mai araha na cikin kwali. Sababbin nan masu sheƙi, da yawansu tun ranar da aka ɗaura su suke karkarwa, sai mai mota ya ɗauka ba shaf ba ne matsalar tun farko, ya koma kan giya. Amma ɗan Beljiyam ma tsoho ne, don haka a buɗe kofinsa a gabanka a yi masa gwajin yatsa kafin ka biya, kuma ku yi magana da mai shago a kan canji in bai yi ba. Ka tafi da tsohon a hannu, ko a Sabon Gari za ka saya, ko Panteka a Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano. A jera su a ƙasa a gwada tsawo, a ƙirga haƙoran kowane kai, domin na mai silinda huɗu da na V6 ba ɗaya ba ne, haka na otomatik da na manuwal. A sa sabuwar roba da giris ɗin shaf, ba ragowar giris ɗin boris da ke cikin gwangwani ba, a kuma ɗaure ta da abin ɗaurinta na ƙarfe. Ɗaure robar shaf da igiyar tsohon tif ko waya shi ne mafarin rabin shaf ɗin da muke cirewa. Bayan an mayar, a duba sil ɗin bakin giya ko yana yoyo, a auna man giya, don yakan ɗan zuba wajen cirewa.

To, ina bakanikenka zai iya samun rabin gaskiya? A tok-kwanbata. A cikinta akwai kulochin da ke kamawa idan mota ta miƙe a kan hanya, don a rage shan mai. In man giya ya tsufa ko an zuba wanda ba nata ba, kulochin sai ya riƙa kamawa yana saki da sauri, mota ta yi gur-gur-gur kamar ta bi ta kan ƙananan tudun nan da ake jerawa kafin mahaɗa. Bambancinta da shaf a bayyane yake. Ita a taka mai sauƙi take zuwa, wajen 50 zuwa 80, in ka ƙara takawa sai ta ɓace. Shaf kuwa ƙara takawa ƙara karkarwa. Kuma a D3 yawanci halinta yakan sauya. Ko da ita ce, ba a fara da sayen giya. Ka zaro sandar awon man giya, mai kai rawaya, ka ɗiga a farar takarda. Ja garau ake so. In ya koma ruwan ƙasa yana ƙauri, a sauke shi a zuba na Honda: ATF-Z1 aka yi motar da shi, DW-1 ne ya maye gurbinsa. Kusan lita 3 ke fita a saukewa ɗaya, sauran yana maƙale a ciki, don haka akan maimaita bayan an ɗan yi tafiya. Giyar Honda ba ta yarda da "ai duk jan mai ɗaya ne" ba.

Giyar da ta lalace da gaske tana da nata alamun, kuma ba ka ambaci ko ɗaya ba: jinkiri kafin ta kama idan ka sa D ko R, inji ya yi ihu tsakanin giya ta biyu da ta uku mota ba ta ƙara gudu ba, shiga giya da duka, ko harafin D yana ƙyaftawa a dashbod. In babu waɗannan, mai yana da kyau, kwamfuta ba ta nuna laifin giya ba, ban ga hujjar sauke ta ba.

Batun wuta gajere ne. Canza fulogi bai wanke inji ba, domin kowane fulogi a motarka yana da kwayil ɗinsa, kuma kwayil mai rauni a hawa yake nuna hali. Amma shi fizga yake yi gaba da baya, mota ta rasa ƙarfi. A jona kwamfuta. Lambobin P0300 zuwa P0304 su ne na tsallaken wuta a mai silinda huɗu. Kada ka dogara da fitilar dashbod, motoci da yawa an kashe musu ita tun kafin su iso hannun mai su.

Sai gunjin. Tunda yana ƙaruwa da gudu, ka lura ko yana nan idan ka ɗaga ƙafa. In yana nan, ba ruwansa da karkarwar, ciwo na biyu ne. A hanyar da ba kowa, kana kan 50 zuwa 60, ka ɗan karkata sitiyari hagu, sannan dama, a hankali. Karkatawa hagu tana jefa nauyin mota kan ƙafafun dama. In gunjin ya ƙaru a nan ya ragu a ɗaya ɓangaren, boris ne, kuma yawanci na dama. Na ce yawanci, domin boris ɗin layi biyu ne a ciki, wani lokaci yakan yaudari kunne. Tabbacin yana kan jak: a ɗaga ƙafar, ka dafa sifirin ɗin shokazoba da hannu ɗaya, wani ya juya tayar da ƙarfi. Boris mai ciwo za ka ji gurzarsa tana bin ƙarfen har cikin yatsunka, ka gwada ɗaya ƙafar ka ji bambanci. Kada a ce maka tunda taya ba ta girgiza a hannu boris lafiya yake. Yakan yi watanni yana gunji kafin ya fara wasa.

In karkata sitiyari bai sauya sautin ba, amma yana sauyawa idan ka tashi daga tsohuwar kwalta ka hau sabuwa, to taya ce. Ka shafa tafin hannunka a kan zanenta gaba da baya, musamman gefen ciki. In ta ci tudu da kwari, ko ta yi kaifi ta fuska ɗaya, ga mai gunjin nan. A mayar da tayoyin gaba baya a ji ko sautin ya bi su. Tunda ka sunkuya, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT a gefen tayar: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar gwanjo da ta tsufa wayarta takan rabu a ciki ta yi ƙusumbi, amma ita tun a 20 zuwa 40 za ka ji mota tana rangaji. Da damina kuma a leƙa bayan rim, jar lakar unguwanninmu in ta bushe a ciki ta isa ta ɓata balansin da aka biya kuɗi aka yi jiya.

In boris ne, ka tsaya a kan a matsa shi da injin matsi. Boris ɗin da aka buga da guduma ya riga ya samu tabo kafin ya taka kwalta. Irin na motocin nan masu ABS gefe ɗaya yana da maganaɗisu, in aka juya shi baibai fitilar ABS za ta kama. Babban notin kan shaf shi yake riƙe boris a matse, a ɗaure shi da ma'auni a kuma lotsa bakinsa ya kulle. Notocin tayar irin motarka 108 Nm ake ɗaure su a ma'aunin ɗaure noti, ba sai yaro ya hau kan sifana yana tsalle ba.

Masu Hilux da Hayis da ke karanta wannan, naku lissafin ya ɗan bambanta, don ƙafafun baya ke ja. Furofela, dogon ƙarfen da ke kai juyin giya zuwa ƙafafun baya, tana juyawa wajen ninki huɗu na gudun taya, don haka karkarwarta siririya ce, a ƙarƙashin kujera. A duba kuros, jar tsatsa a bakin kofunansa alamar ya bushe ce, a duba robar santa-boris, kuma duk wanda zai raba furofela ya yi mata alama da fenti ya mayar yadda ya same ta. Kukan da ke zuwa da taka totur ya ɗauke da ɗagawa, daga baya, na aksul ne, a fara da duba mansa.

Kai kuma Malam, ka sa a yi aikin ɗaya bayan ɗaya, ana gama kowanne ka fita gwaji, don ka san wanne ne ya yi magani. Kan shaf na ciki yakan ba da lokaci, za ka iya lallaɓawa zuwa makaranta da shi kana taka totur a hankali. Boris ne ba na son a ja. In an ɗaga ƙafar an kama taya sama da ƙasa aka ji tana wasa, ko ka tsaya bayan tafiya ka ji tsakiyar rim ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, kada ka hau hanyar Kaduna ko Kano da ita sai an canza shi.